Arahar data da ba ta iso ƙauyukan bakin iyaka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni fili in yi magana a kan kuɗin kira da na data, da yadda ake kwatanta Nijeriya da sauran ƙasashe. Daga karkarar arewacin Jigawa nake rubuto muku, inda tsakaninmu da Jamhuriyar Nijar tafiyar babur ce, kuma mutane da yawa suke riƙe da layin ƙasashen biyu a waya ɗaya.

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a watan Janairun 2025 kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, hujjar da aka fi maimaita mana ita ce data a Nijeriya tana cikin mafi araha a Afirka. Ba na musun cewa kamfanonin suna ɗauke da nauyi, domin turakun sabis da yawa da man dizal suke aiki dare da rana, kayan aikin da dala ake sayo su, darajar naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun tsakiyar 2023. Abin da nake ja da shi shi ne lissafin kansa. Mai kwatancen yana duba nawa aka biya da gigabait nawa aka rubuta, amma ba ya tambayar ko wanda ya biya ya samu ya ci abin da ya saya. A garuruwa irin su Gumel da Haɗeja da Kazaure ana samun sabis mai ƙarfi, amma da zarar ka sauka daga kwalta ka nausa ƙauyuka, akwai inda ko kira ba ya shiga sai mutum ya hau tudu ko ya je wani kebantaccen wuri a bayan gari. Manomi zai sayi datar wata guda, wa'adinta ya cika bai ci ko rabi ba, ta ƙone. Idan aka yi lissafin gaskiya, ya biya ninkin abin da mazaunin birnin Kano ya biya, ga kuɗin cajin waya da yake bai wa mai sola ko mai janareta domin babu wutar lantarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tarihin harkar ya nuna cewa gasa ce ke sauko da farashi. Da MTN da Econet suka fara aiki a 2001, da minti ake lissafin kira, sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka bi sahu. A 2013 kuma aka ba mutum damar sauya kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Duk wannan alheri ne, sai dai a ƙauyen da turke ɗaya na kamfani ɗaya ne kawai ke iso shi, babu gasa kuma babu wurin komawa. Lamarin ya daɗa nauyi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da ciniki ya koma tiransifa. A kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, kuɗi kan fita daga asusun mai saye, alat bai shigo wa mai sayarwa ba, sai a tsaya ana jayayya ga dabba a ɗaure, alhali su duka biyun mutanen kirki ne.

Magana ta biyu ta fi ci mini rai. Idan na kira Legas, wadda ta fi kilomita 1,000 nesa da mu, kuɗin cikin gida nake biya. Idan kuwa na kira ɗan'uwa a Magariya ko Dungas da ke tsallaken iyaka cikin Nijar, inda muke auratayya, muke zuwa jana'izar juna, sai a lissafa mini kiran ƙasar waje. Har ma yakan faru mutum yana cikin gonarsa a ƙasar Nijeriya wayarsa ta kama sabis ɗin Nijar ba da saninsa ba. Dabarar da talaka ya samo ita ce riƙe layi biyu, amma katin can da sefa ake sayensa, sefa kuwa ta yi wa naira nisa.

Wasu ƙasashe sun warware wannan matsala. Tarayyar Turai ta soke ƙarin kuɗin amfani da layi a tsakanin ƙasashenta tun ranar 15 ga Yunin 2017. Kenya da Ruwanda da Yuganda sun haɗa tsarin kiransu tun wajajen 2014. ECOWAS ma ta zartar da ƙa'ida makamanciyar wannan a 2017, kuma Ghana da Kwadebuwa sun fara aiki da ita a tsakaninsu a 2023. Mu kanmu mun taɓa ɗanɗanawa, domin a 2007 kamfanin Celtel ya shigar da Nijeriya da Nijar cikin tsarinsa na amfani da layi ɗaya a ƙasashe da dama, kuma Airtel, wanda ya gaje shi, yana aiki a ɓangarorin biyu har yau. Wannan ya isa shaida cewa abu ne mai yiwuwa. Na san Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma ficewar ba ta raba zumunci ba, ba ta kuma rufe ƙofar yarjejeniya tsakanin ƙasa da ƙasa ba. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, mai ofishi a Yamai, kuma babu abin da zai hana NCC ta zauna da takwararta ta Nijar, ARCEP, su tsayar da farashi mai sauƙi ga al'ummomin bakin iyaka.

A cikin gida kuwa, dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa hangen riba. Ya kamata 'yan majalisarmu na tarayya su nemi a bayyana wa jama'a turke nawa asusun ya kafa a kowace ƙaramar hukuma ta Jigawa, kuma nawa ne ke aiki a yanzu. Haka nan ina ganin adalci ne a daina ƙona datar da mutum ya biya kuɗinta a yankin da kamfani ya san sabis ɗinsa ba ya tsayawa.

Roƙona gare ku shi ne ku turo wakilinku Maigatari ko Ɓaɓura ranar kasuwa, ya zo da layukan kamfanonin duka, ya shiga ƙauyukan da ke kewaye ya gwada kira da tura kuɗi, sannan ku buga abin da ya gani tare da farashin da ake talla.

Naku,
Wani malamin firamare, daga ƙaramar hukumar Maigatari, jihar Jigawa