Wasiƙa daga Daura kan Karatun Auta

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a can Fatakwal.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Inna ta gaya mini ka aiko da kuɗin rajistar JAMB, shi kuma tun da aka buɗe Jami'ar Sufuri a nan Daura ba ya son jin zancen wani kwas sai injiniyanci. Da na zaunar da shi na duba takardunsa, hankalina bai kwanta ba, domin yana shirin cire Fiziks ya saka Bayoloji, wai ya fi sauƙin cin maki.

Darussa huɗu ake rubutawa a JAMB. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa kwas ɗin da mutum yake nema shi yake tsara su. Injiniyanci yana buƙatar Lissafi da Fiziks da Kemistiri, likitanci ne yake karɓar Bayoloji a madadin Lissafi. Yaro ko ya ci maki 300, in haɗin darussansa bai dace ba, ba zai sami gurbi ba, kuma yawanci ba wanda zai yi masa bayani sai shekara ta wuce.

Sannan akwai sakamakonsa na NECO. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Auta D7 ya samu a Fiziks, kiredit kuwa daga C6 yake farawa, saboda haka, tunda injiniyanci yana buƙatar kiredit a Fiziks, sai ya sake zama.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan ya shiga. A jami'a akwai kwasa-kwasan da ba a barin ɗalibi ya yi rajistarsu sai ya ci waɗanda suke gabansu, kamar gini ne, ba a ɗora bulo a kan tushen da bai bushe ba. In ya faɗi Fiziks ko Lissafin shekarar farko, kariyoba ce, wato kwas ɗin da ya faɗi, zai fara sakawa, ta cinye masa wuri a cikin yunit 24, wato iyakar nauyin kwasa-kwasan da aka saba ƙayyadewa a zango, ta kuma iya tsare masa wani kwas na gaba. Ta haka karatun shekara biyar yake komawa shida. Wanda yake gudun Fiziks tun yanzu, ina zai ɓuya a can?

Na san kai ma ta taga kake ficewa in malamin Lissafi ya shigo, amma maganarka yake ji fiye da tawa. Don Allah ka kira shi kafin ya je rajista, ka ce ya bar Fiziks a wurinsa. Malamin da zai riƙa koya masa da yamma, ni zan nemo, kuɗin sake jarrabawar kuma mu raba.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka amini,
daga Daura.