A bar yara su karanta labaran sirrin gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wasu littattafai da manya ba su cika kulawa da su ba, wato ƙagaggun labaran da ake rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12. Ni malamar firamare ce, kuma ɗan ɗakin karatun makarantarmu a hannuna yake. Don haka na san littafin da ƙura ke rufewa a kan kanta, na kuma san wanda bangonsa ke yagewa saboda yawan hannu. Masu yagewar nan kusan duk hanyarsu ɗaya: aminai biyu ko uku, da wani abu da ake ɓoyewa a gidan ɗayansu.

Iyaye da dama ba sa jin daɗin haka. An sha ce mini irin waɗannan labarai suna koya wa yaro bin ƙwaƙƙwafi, da buɗe akwatin da ba nasa ba, da tambayar abin da ya fi ƙarfinsa. Ban raina wannan fargaba ba, domin daga so ta fito. Amma ina ganin ta tsallake wani abu da duk mai zama da yara ya sani, cewa ba littafi ne ke sanar da yaro akwai sirri a gidansu ba. Ɗan shekara 10 ya san lokacin da aka canja magana don ya shigo ɗaki. Ya san hoton da aka cire daga bango, da sunan da ba a ambata, da yayan da aka ce ya yi tafiya amma ba ya bugo waya. Yarinya ta lura babanta yana fita da safe kamar kullum, amma ya daina maganar wurin aiki. Wata ta ga katin asibiti a jakar mahaifiyarta ta mayar da shi ta yi shiru. Rabin labarin ne kawai a hannunsu, sai su ƙarasa sauran da tunaninsu, kuma sau da yawa abin da suke ƙarasawa da shi shi ne laifinsu ne. Na ga yarinyar da ta ɗauka rashin ƙoƙarinta a jarrabawa ne ya raba iyayenta. Ba wanda ya faɗa mata haka, ba kuma wanda ya faɗa mata akasin haka.

To wa yaro zai kai wa wannan nauyi? Abokinsa. Likitan ƙwaƙwalwar nan na Amurka, Harry Stack Sullivan, a littafinsa da aka buga a 1953 bayan rasuwarsa, ya bayyana cewa a wajen shekara 8 zuwa 10 ne yaro kan fara samun aminin da damuwarsa ke damunsa kamar tasa. Kafin nan abokin wasa ne kawai, yau a shirya gobe a ɓata. Abin da ya rubuta ina ganinsa a aji kowace rana. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, kuma a wannan shekarun ne yaro ke fara samun abokin kukan. Shi ya sa marubutan da suka san aikinsu ke haɗa abota da sirri a labari ɗaya.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai a waɗannan labarai shi ne halin da ƙawar da aka faɗa wa sirrin ke shiga. An sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, ta kuwa rantse. Idan sirrin shi ne mahaifin ƙawarta ya rasa aiki, ko kuma matar da take kira mama ashe ƙanwar mahaifiyarta ce da ta raine ta, to riƙe amana shi ne daidai, kuma labarin kan nuna irin ɓarnar da kan biyo baya idan maganar ta zagaya aji. Amma idan sirrin shi ne wani babba yana cutar da ita, yana dukanta har da rauni, ko yana taɓa ta yana yi mata barazana, to amanar gaskiya ita ce a kai maganar ga babban da aka yarda da shi, ko da rantsuwar za ta karye. Bambanta waɗannan biyun abu ne mai wuya, har ga manya. Mukan faɗa wa yara a wurin taron safe, su gyaɗa kai su manta. Yarinyar da ta bi jarumar labari shafi bayan shafi, ta kwana da ita cikin rashin barci, ta ga ta tsaya a ƙofar ofishin malama tana ja da baya kafin ta ƙwanƙwasa, wannan ba ta mantawa. Littafi mai gaskiya kuma ba ya ɓoye mata cewa ƙawar za ta yi fushi, za ta daina yi mata magana, wataƙila har ƙarshen zango.

A nan nake da ƙorafi ga wasu marubuta. Akwai masu mayar da sirrin ya zama dukiyar da kaka ya binne, ko a gano yaron ashe ɗan wani hamshaƙi ne. Wannan nishaɗi ne, ba laifi, amma ba ya taɓa abin da ke cin yaran. Akwai masu warware komai a babi na ƙarshe, kowa ya yi kuka a yafi juna, kamar shiru na shekara goma zai narke a yamma ɗaya. Yara sun fi mu saurin gane wannan ƙarya. Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne mai mayar da iyaye mugaye ko wawaye. Uwar da ta ɓoye wa 'yarta gaskiya tana da dalili: kunya, ko tsoro, ko jiran ranar da yarinyar za ta iya ɗauka. Idan marubuci ya ba uwar nan bakin magana, mai karatu kan rufe littafin da tausayin iyayensa. Wannan kuwa shi ne abin da masu fargabar nan ke nema tun farko.

Duniya ta daɗe da ɗaukar littafin yara da muhimmanci. Tun 1922 ake ba da lambar yabo ta Newbery ga fitaccen littafin yara a Amurka. Wata 'yar jarida mai suna Jella Lepman ta buɗe ɗakin karatun yara na ƙasa da ƙasa a birnin Munich na Jamus a 1949, ƙasar tana cikin kufan yaƙi, sannan a 1953 ta jagoranci kafa ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 17, ta nemi ƙasashe su ƙarfafa wallafa littattafan yara da yaɗa su. Amma har yanzu a shafukan adabi na jaridu, ɗan shekara 11 shi ne wanda ake tsallakewa: ya wuce littafin hotuna, bai kai na samari ba.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona shi ne ka ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, a riƙa nazarin littattafan wannan rukuni, a faɗi shekarun da kowanne ya dace da su, da irin sirrin da ke ciki, domin iyaye su zaɓa da saninsu. Ranar 2 ga Afrilu, da ake bikin littattafan yara a duniya tun 1967, ta dace a fara. Su kuma iyaye, ina roƙon kafin su ƙwace littafi daga hannun yaro su karanta shi tukuna, sannan su tambaye shi: da kai ne abokin nan, za ka faɗa ko za ka yi shiru? Su saurari amsar har ƙarshe, kada su katse shi.

Wassalam.

Taka,
Malamar aji shida