Wa Ke Kai Wa Mai Tattaki Ruwa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Tun 2015, da wani bawan Allah ya taso daga Legas a ƙasa har Abuja, tattaki ya zama yayi a wurin matasanmu. Kullum hoton mai tafiyar kuke bugawa, da tuta a kafaɗa. Ban taɓa ganin wakilinku ya tambaye shi wa ke kai masa ruwa ba, ko ina ya kwana jiya. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ni na taɓa yin aikin kai ruwan.

A Newcastle nake zaune, arewacin Ingila, tasi nake ja. A watan Yuni abokaina shida suka ɗauki hutu don su taka hanyar da ke bin ganuwar Hadrian, ganuwar da Rumawa suka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya. Hanyar mil 84 ce, wajen kilomita 135, daga Wallsend zuwa Bowness-on-Solway. Ni gwiwata ba ta da daɗi, sai aka ce in zama mai mota. Na ce to, hutu ya samu. Ashe ban san dawan garin ba.

Kwana shida muka yi. Da safe in loda jakunkuna in kai masauki na gaba, in juyo in tare su da abincin rana a bakin titin B6318, wanda ke bin gefen ganuwar. Ƙauyukan nan ba ka samun naman halal, saboda haka tun daga gari na cika kula, na haɗa da dambun nama da dabino da fulas biyu na shayi. Buta da darduma ma a motata suke. Magariba kuwa sai wajen ƙarfe goma saura take yi a wannan lokacin, mutum ya gama gajiya yana gyangyaɗi yana jiran salla.

A rana ta uku na tafka kuskure. Mun yi da su a haɗu a Housesteads, wani wuri a kan ganuwar, ni kuma na je na fake a wani wurin daban, Steel Rigg, can gaba. Waya ba sabis, ga ruwan sama da iska a kan tudun. Awa biyu suna jirana, ruwan shansu ya ƙare, ni ina zaune ina shan shayinsu ina cewa sun cika nawa. Da muka haɗu babu wanda ya yi mini magana sai Alhaji, babbanmu, ya ce, "Malam, Allah ya ba ka lada." Gara a ce zagina ya yi. Daga ranar kowa da takarda a aljihu: wurin haɗuwa, lokaci, da abin yi in an wuce awa guda ba a ga juna ba.

Shi Alhajin sabon takalmi ya saya don tafiyar. Daren nan da ya cire safa, bororo ya fashe a dugadugansa biyu, safar ta manne da fata sai da muka jiƙa da ruwan ɗumi. Na wanke, na sa filasta. Washegari ya rantse ba zai shiga mota ba. Sai na ce, "Alhaji, ni ban san hanya ba, ka ga abin da ya faru jiya, ku taimaka ku raka ni." Da haka na samu ya huta wuni guda.

Rana ta ƙarshe ma sai da na duba jadawalin cikar teku, don ruwan tekun da ke shigowa ta mashigin Solway kan rufe titin da ke kusa da ƙauyen Drumburgh.

To wannan fa a ƙasar da ake da alamomi a kan hanya, ba zafi, ba tireloli. Ina ga yaron da ya hau titin Kaduna zuwa Abuja a watan Afrilu da silifa da leda ɗaya ta fiya wata? Don Allah, Malam Edita, in wani ya sake zuwa ofishinku da labarin tattaki, a tambaye shi wa ke biye da shi da mota, kuma wa za a kira in ya faɗi.

Takalman Alhaji har yau suna but ɗin motata. Ya ce ba ya son sake ganinsu.

Naku,
Wani direban tasi, Newcastle, Ingila