Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni nawa aka biya ni kan batun turken shanu a Sharaɗa

Assalamu alaikum Alhaji,

A bainar jama'a ka yi tambayarka, a nan zan amsa maka. Ka ce me ya sa nake adawa da a ba masu kiwo izinin turke shanu a harabar kamfanonin da suka durƙushe a yankunan masana'antu na Kano, wato Sharaɗa da Challawa da Bompai, alhali na yarda a ba masu binciken noma wuri a can. Ka kuma ce a tambaye ni nawa masu masana'antu suka ba ni. Wannan ta ƙarshen ita ta ƙona mini rai. Ba wanda ya ba ni ko sisin kwabo, kuma duk wanda ya san aikina ya san ba na sa hannu a takardar filin da ban taka ƙafa na gani ba. In kana da shaida, ka fito da ita a inda ka yi zargin. Ni ma ina da tambaya: filin da kake wannan hanƙoro a kansa da sunan talakawa, nasu ne ko naka?

Ga abin da ya sa na ce a'a. Bijimi mai nauyin kilo 300 da ake ɗurawa dusa da harawa da ƙulin auduga yana kasayar da abin da bai gaza kilo 15 ba a rana, yana kuma shan ruwa kimanin lita 40 lokacin zafi. Ka turke 200: kashin shanu tan 3 ke nan kullum, ruwa lita 8,000. Kafin a cika kwana 100 na turka, tan 300 ya taru. A ƙauye wannan arziki ne, manoma na zuwa da amalanke su saya su kai gona. A Sharaɗa ina za a kai shi? Ruwan farko na damina zai wanke shi zuwa kwalbatin da aka gina domin ruwan sama, ya toshe ta, ya tsima cikin ƙasa ya sami rijiyoyin unguwannin da ke kewaye. Ƙudan da zai taso kuma bai san katanga ba, kai tsaye zai faɗa wa maƙwabcin da ke sarrafa abinci ko ruwan leda.

Cutarwar ba ta tsaya kan maƙwabta ba, shanun ne farkon shan wahala. Sharaɗa da Challawa nan ne matattarar kamfanonin jima na Kano, kuma jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta. Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. Saniya dabba ce mai lasar duk abin da ta gani: tsohon batirin mota, ɓawon fenti, baƙin mai. Gubar darma da ke cikin irin waɗannan, kaɗan ta isa ta makantar da ɗan maraƙi, ya riƙa tura kai jikin bango har ya mutu. Wanda bai mutu ba, hantarsa da ƙodarsa su ne za a gasa a sayar wa 'ya'yanmu. Ga ɗanyun fatun da ake shigowa da su daga ko'ina; ƙwayar ciwon saifa tana iya zama a fata da ƙasa shekaru da dama, kuma ba mu manta an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a Yulin 2023 ba.

Batun masu bincike kuwa, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Ɗakin gwajin iri ko ƙasa wuta da ruwa da titi yake buƙata, ba ya tara juji. Garken bincike kansa ba a cikin masana'antu ake ajiye shi ba: cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a Shika take, wajen Zariya.

Wanda ke son turka ta gaskiya ya nemi fili a bayan gari. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili a karkara har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. A ware wa kowane sa aƙalla murabba'in mita 10, ƙasa mai ɗan gangare don kada fitsari ya kwanta, a haƙa ramin tara ruwan datti a liƙe shi da yumɓu ko siminti, a nisanta rijiya aƙalla mita 30 ta ɓangaren tudu. A lura da iska: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma. Takardar mallaka kuma tana faɗin abin da aka ba da fili dominsa, ba a sauya shi sai da izini.

Inda na yarda da kai ɗaya ne, kuma yana damuna fiye da yadda yake damunka. Gari yana ta cinye burtali da makiyaya, ana yanka gonaki ana sayarwa fuloti-fuloti, ba a ware wa mai kiwo ko taku ɗaya mai hanya da ruwa ba. Shi ya sa ake ganin raguna da shanu ɗaure a lungu gab da babbar salla. A kan wannan ya kamata ka ɗaga murya, kuma ranar da ka tashi rubuta takardar neman a keɓe wa masu turka yankinsu, ka kawo mini in sa hannu.

Wassalam.