Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan kifin kogin Haɗeja. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ambaliyar da ke shiga fadamun Haɗeja da Nguru ta koma hannun masu buɗe ƙofar dam. Kifaye irin su faliya da kawara da tsage da bargi suna tafiya ne da sabon ruwa: su hau fadama su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a cikin ciyawa, ruwa na janyewa su gangaro kogi. In ruwan ya makara, ko ciyawar kacalla ta toshe hanya, ko dumba (shingen tarkunan kamun kifi) ta tare mashiga, haihuwar shekarar ta tafi. Masunta sun daɗe suna cewa wasu irin sun yi wuyar gani. Abin da hukumarka ke buƙata kafin ta tsara sakin ruwa shi ne sanin inda suka rage da makon da suke motsi.

Akwai hanyar sanin haka ba tare da jefa koma ba. Kifi yana zubar da yauƙi da kashi da ɓurɓushin fata duk inda ya bi, kuma kowanne yana ɗauke da DNA ɗinsa, wato sinadarin gado da ke bambanta wani iri da wani. A tace ruwan, a karanta abin da ya maƙale. Da wannan dabara aka gano sawun ƙaton kifin nan na kogin Mekong a nahiyar Asiya da ya kusa ƙarewa.

Ga yadda muke ganin ya dace. A ɗauki Wudil, Ringim, ƙasan madatsar Haɗeja, mashigar Marma da ke kai ruwa wajen Nguru, tafkin Nguru da Gashuwa. A je duk bayan mako biyu daga Yuni zuwa Disamba. A kowane wuri a ɗebi lita ɗaya sau uku, gaɓa biyu da tsakiya, mai ɗiba yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, da sabuwar safar hannu. A tace nan take da sirinji. Ruwanmu na damina jajir yake da laka, mataci mai ƙofar maikuron 0.45 (ma'aunin ƙanƙantar hujin mataci ke nan) yakan toshe tun ba a kai rabin lita ba, don haka a tafi da mai maikuron 1.2, a kuma rubuta adadin ruwan da ya wuce ta ciki. Matacin sai a tsoma shi a ruwan Longmire (sinadarin da ke hana DNA lalacewa) ko itanol mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari, ya jure makonni ba firji. Jarkar ruwa kuwa in ta wuni a bayan mota cikin zafin Nguru, DNA ɗin ya lalace kafin a isa Kano.

Gurɓata ita ce ta fi kashe wannan aiki. Duk bokiti da igiya da takalmin roba a jiƙa su a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a ɗauraye. Kowace fita a buɗe kwalbar tsabtataccen ruwa a bakin kogi, a tace ta kamar sauran. In DNA na kifi ya fito a cikinta, alamar kayan aiki sun gurɓata ke nan, sakamakon ranar duka a zubar. Kada a ɗiba a ƙasan kasuwar kifi ko inda ake fede shi, ko kusa da magudanar gonar tarwaɗa, domin gwajin bai bambanta rayayye da matacce. Ruɓaɓɓiyar kacalla ma tana sakin sinadarin da ke danne gwajin, sai a ce babu kifi alhali yana nan. Dole ɗakin gwaji ya duba wannan a kowane samfur.

Sai babbar matsala, wadda ta sa muka ga gara a faɗa tun kafin a kashe kuɗi. Na'ura ba ta san sunan kifi ba, kwatanta abin da ta karanta take yi da wanda aka riga aka adana, kuma kifayen Afirka ta Yamma da yawa ba a adana nasu ba, musamman sashen DNA mai suna 12S da ake yawan amfani da shi wajen gane irin kifi. Sai sakamako ya dawo da sunan dangi kawai, kurungu iri-iri a dunƙule wuri guda. Maganin mai sauƙi ne: kowane iri a samu kifi uku zuwa biyar, a yanki ɗan ƙaramin gefen fiffike a sa a itanol don a karanta DNA ɗinsa a adana, a ɗauki hoto, a ajiye kifin a matsayin shaida, a rubuta sunan da masunta ke kiransa. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa da jami'o'in Kano da Dutse da Gashuwa za su iya raba aikin, sarakunan ruwa su nuna inda za a samu.

Kada a ɗora wa gwajin abin da ba zai iya ba. Ba ya ƙidaya kifi, ba ya faɗin girmansa, kuma kogi yakan ɗauko DNA daga kilomita da dama a sama. Sai an haɗa shi da ma'aunin tsayin ruwa da lissafin kamun masunta.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, a sa wannan aiki a kasafin baɗi na shekara uku a jere, a fara da adana DNA na kifayen tun rani, a kuma riƙa ajiye sakamakon a gaban masu yanke ranar buɗe ƙofofin Tiga da Challawa.

Mun gode. Allah ya yi jagora.

Daga wasu masu binciken kifi da ruwa na yankin.