Godiya ga Jami'an Walwalar Jama'a na Birnin Kebbi

Assalamu alaikum.

Mu masu bibiyar shari'ar ƙananan yara a Jihar Kebbi muna miƙa godiya ga sashen walwalar jama'a na Ma'aikatar Harkokin Mata, musamman iyayenmu mata da ke aiki a cikinsa, saboda tsayin dakan da kuke yi kada a kai yarinya gidan yari tun ba a yanke mata hukunci ba.

Doka tana bayanku. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Kebbi ta kafa irinta a 2022, ta ce ba a tsare yaro kafin shari'a sai in babu wata mafita, kuma na ɗan lokaci kaɗan. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya. Sai dai gidajen horon matasa na Kaduna da Ilorin da Abeokuta na maza ne, don haka nauyin yara mata a kanku yake.

A wurin shekaru ake fara ɓarna. Ga 'yar talla ko 'yar aiki da uwar ɗakinta ta ce ta ɗauke mata sarƙa, ba ta da takardar haihuwa, sai a dubi tsayinta a caji ofis a rubuta 18. Da zarar wannan lamba ta hau takarda, hanyar gidan yari ta buɗe. Ku kuwa ba ku yarda da ƙiyasin ido ba. Kukan nemi katin rigakafi ko rajistar firamare da ta Islamiyya, ku ji ta bakin mai unguwa, in ya kama a kai ta likita ya duba. Aiki ne na yawo cikin rana da ƙura, amma shi ke raba 'yar shekara 14 da kwanan kurkuku.

Daga nan sai neman beli a hannun uba ko kawu. In babu mai tsaya mata, ko kuma daga gidan ne ta gudo, sai a nema mata ɗakin mata zalla, mai makewayinsa, makulli a hannun mace, mai kula kuma ta kwana nan. Ranar farko a duba lafiyarta har da gwajin ciki, a ba ta sabulu da audugar mata da zanen canji, a rubuta ranar komawa kotu a littafi. Wannan ranar ce abin tsoro: in babu motar kai ta, alƙali ya ɗage zama, ajiyar mako biyu ta koma watanni.

Shi ya sa muke roƙon gwamnati ta ware wa wannan sashe mota da kuɗin mai, ta kuma ƙara ma'aikata mata a Argungu da Yauri da Zuru, domin yarinyar da aka kama a can ba za ta iya jiran a taso daga Birnin Kebbi ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Naku,
Masu bibiyar shari'ar yara, Birnin Kebbi