Yaya, a kai Inna a auna ta

Jidda, Saudiyya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya aka ji da yankan shinkafa? Saƙon muryar da ka aiko ranar Juma'a na saurare shi ya fi sau uku, kuma maganar ƙafar Inna ce ta tsaya mini a rai. Ka ce ƙaya ta taka tun kafin a shiga fadama, har yau gyambon ya ƙi kamewa, ita kuma ba ta ma ji sukar ba sai da Goggo ta ga jini a silifa. Ka ce da dare sai ta fita fitsari sau huɗu, sau biyar.

Akwai abin da na ɓoye muku wata bakwai ke nan. Ina da ciwon suga.

Da ƙishirwa ya fara mini. Ina tuƙi ina shanye gora bayan gora, na ɗauka zafin Jidda ne. Ga ci kamar gara amma wando na zamewa, har sai da na ƙara huji biyu a bel. Ranar da rubutun allon hanya ya koma mini hazo-hazo, wani abokin aikina ɗan Sudan ya ja ni kemis. Aka soki yatsana, na'ura ta nuna 260. Mai kemis ya dube ni ya ce "sukkari", washegari ina gaban likita.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Tuwo, shinkafa, fura, burodi, duk jiki suga yake mayar da su, su shiga jini. Akwai wani sinadari, insulin, da wata gaɓa a bayan tumbi ke fitarwa, shi ke shigar da sugan cikin tsoka ya zama ƙarfi. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini, ƙoda ta yi ta zubar da shi ta fitsari, ruwan jiki ya bi shi. Ka ga inda ƙishirwa da rama suka samo asali, har da kiyashin da ake gani a makwarara. Nawa nau'i na 2 ne, wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ke da shi. Gado, ƙiba, shekaru da zaman wuri ɗaya ke jawo shi. Nau'i na 1 ya fi kama yara, su sai da allura. Akwai kuma na goyon ciki.

Da likita ya tambaye ni ko akwai mai shi a gidanmu, na ce babu. Sai a hanyar komawa Baba ya faɗo mini, Allah Ya jiƙansa. Ka tuna yadda idonsa ya yi ta dusashewa, daga baya ɓarin jiki ya shanye, muka ce tsufa ne? Ba wanda ya taɓa auna shi. To, aikin ciwon nan ke nan in an bar shi: a hankali yake cin jijiyoyi, ya taɓa ido, ya taɓa zuciya, ya kai mutum ga wankin ƙoda. Ƙafa kuwa kashe mata ji yake, jini ya rage isa can, ƙaramin ƙurji ya zama abin da za a yanke ƙafa a kansa.

Don Allah Yaya, kada a tsaya kan cewa sanyi ne ko sammu. Argungu da Birnin Kebbi ba nisa, ka kai Inna Asibitin Sir Yahaya da sassafe, ba ta karya ba. Awa 8 ake so ba ci, amma ruwa ba laifi. In gwaji ya nuna 126 ko sama, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, za su sake wata rana don su tabbatar. Ka tambayi wanda ake ce wa HbA1c, shi yake nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, daga 6.5 ciwon ne. A duba mata hawan jini da ido da ƙoda gaba ɗaya.

Kafin nan a daina barbaɗa wa gyambon gari, kada kuma a gasa mata da ruwan zafi, tana iya ƙonewa ba ta ji ba. A hana ta yawo ba takalmi ko a tsakar gida ne, na san za ku sha faɗa.

Kai ma, ba raini ba, ka miƙa yatsa tunda kana wurin. Na ga tumbin nan a hoton Sallah.

Ni dai da sauƙi. Ina shan maganin suga mai suna metformin, shayi ba suga, na rabu da lemon kwalba, bayan Isha'i ina taka ƙafa rabin awa. Na tura kuɗin mota da na gwaji ta hanyar da muka saba. Kada ka gaya wa Inna nawa tukuna, bari a ga nata sakamakon, ni zan kira in faɗa mata da bakina.

A gaishe da Goggo da yara.

Ƙaninka.